Darasi na 14: Tsutsar Ciki Mai Dawowa a Jikin Ɗan Kunkuru

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana son mai karatu ya iya:

1. faɗar dalilin da ke sa tsutsar ciki ta dawo bayan an ba da magani;
2. gane alamun da ke nuna ɗan kunkuru ba shi da lafiya;
3. ɗaukar kashin kunkuru ya kai gwaji yadda ya dace;
4. sanin maganin da ke kashe kunkuru, domin ya guje masa;
5. gyara wurin kwanan kunkuru da abincinsa.

Gabatarwa

Ajiye kunkuru a gida tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Wani don sha'awa yake ajiye shi, wani yara ne suka matsa masa, wani kuwa gadonsa ya yi, ya tashi ya tarar da shi yana yawo a tsakar gida tun zamanin kakansa. Akwai kuma masu ganin zamansa a gida tsari ne. Ko da wace niyya aka kawo shi, rai ne da shi, kuma wanda ya tsare shi a gidansa shi ke da alhakin cinsa da shansa da lafiyarsa.

Babban kunkurun da aka saba gani a gidajenmu ɗan yankin Sahel ne. Ana samun sa daga Senegal da Muritaniya, ya bi ta Mali da Burkina Faso da Nijar da arewacin Nijeriya da Chadi da Sudan, har Habasha da Eritiriya. Ana gane shi da wasu ƙahonni ƙanana da ke bayan cinyoyinsa. A duk duniya kunkuru iri biyu kaɗai suka fi shi girma, na tsibiran Galafagos da na tsibirin Aldabara. Namiji da ya gama girma yakan wuce kilo 50. Amma ranar da ya fito daga ƙwai, tsawonsa bai wuce santimita 5 ba, nauyinsa ma bai kai na ƙwan kaza ba. Wannan ɗan ƙaramin shi ne abin maganarmu, domin abin da babba zai ɗauka bai ko ji ba, shi yakan kayar da shi.

Hira a asibitin dabbobi

Wani magidanci ya shiga asibitin dabbobi riƙe da kwalin takalmi. Bayan sun gaisa da likita sai ya buɗe kwalin.

"Likita, ka ga wannan? Na yara ne. Sau biyu ke nan ana ba shi maganin tsutsa, ya ɗan warware, bayan wata biyu kuma sai zawo ya dawo. Anya maganin nan ba jabu ba ne?"

"Malam, a ina yake kwana?"

"A wani lungu bayan ɗakin girki. Mun zagaye masa da bulo."

"Tun yaushe yake wurin?"

"Tun ranar da aka kawo shi. An kusa shekara."

"An taɓa kwashe ƙasar wurin?"

"A'a. Shara dai akan yi jefi-jefi."

"Abincin fa, a kan me ake zuba masa?"

"A ƙasa mana, likita. Ai kunkuru ne."

Likita ya yi murmushi ya ce, "To Malam, maganinka ya yi aikinsa. Ya wanke cikin, amma bai wanke lungun ba. Yau ka ba shi magani, gobe ya koma ya ci ganye a kan ƙasar da ke cike da ƙwan tsutsa. Ko sau goma za a ba shi, haka za ta riƙa dawowa."

Wannan amsa ta likita ita ce ginshiƙin darasinmu.

Abubuwan da ke zama a hanjin kunkuru

Ba duk abin da aka gani a cikin kunkuru ne abokin gaba ba. Za mu kasa su gida huɗu.

Na farko, ƙananan tsutsotsi farare, sirara kamar zare, waɗanda tsawonsu bai wuce 'yan milimita ba. Su ne aka fi samu, kuma da wuya a gwada kunkuru mai cin ciyawa a rasa su. Idan ba su yi yawa ba, ba sa cutarwa. Wasu masana ma na ganin suna taimaka masa wajen narkar da ciyawa. Ɓarnarsu tana farawa ne idan sun yi cincirindo, su riƙa cinye abin da ya kamata ya shiga jikinsa, wani lokaci har su toshe hanji.

Na biyu, manyan tsutsotsi masu kama da macijin cikin da ake gani a jikin yara. Akwai wanda tsawonsa ke kaiwa santimita 10. A jikin ɗan kunkurun da shi kansa bai kai haka tsawo ba, 'yan kaɗan sun isa su toshe ciki. Waɗannan in an gan su, magani ya wajaba.

Na uku, wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu iyo a cikin ruwan hanji da ɗan gashi kamar bulala. Kaɗan daga cikinsu ba komai. In suka yawaita sai su kawo zawo mai wari da majina. Akwai iri ɗaya da ke haurawa har ƙoda ya lalata ta.

Na huɗu, ƙwayoyin koksidiya. Masu kiwon kaji sun san danginsu, su ne ke sa 'yan tsaki zawon jini. Kunkuru yana da nasa irin, kuma wasunsu suna kisa, musamman ƙanana.

Abin lura a nan shi ne, maganin gida na farko da na biyu ba lallai ne ya kashe na uku ba, maganin na uku kuma ba ya taɓa na huɗu. Wanda ya ba da magani ba tare da sanin abin da yake yaƙa ba, harbi yake yi a duhu.

Yadda tsutsa ke zagayowa

Yawancin waɗannan abubuwa ba sa buƙatar sauro ko ƙuda ko wata dabba ta ɗauke su. Hanyarsu gajeriya ce. Tsutsa ta yi ƙwai a hanji, ƙwan ya fito cikin kashi, ya zauna a ƙasa ko a ruwan sha ko a kan ganye, kunkuru ya haɗiye shi, ya ƙyanƙyashe a ciki, ya girma, shi ma ya yi ƙwai. Daga baki zuwa kashi, daga kashi zuwa baki.

A daji wannan zagaye ba ya yin ƙarfi. Kunkuru yakan yi kashi ya wuce, ya tafi nesa neman ciyawa, rana ta gasa kashin, iska ta watsa shi. A gida kuwa an tsare shi a wuri taku uku. Nan yake ci, nan yake sha, nan yake kashi, nan yake kwana. Ga shi kuma da ɗabi'ar yin kashi da zarar ya shiga ruwa, sannan ya sha ruwan. Yakan ci kashinsa, yakan ci na wasu dabbobi. Duk ranar Allah ƙwai ƙaruwa yake yi a ƙasar wurin, kuma a inuwa mai laima, musamman da damina, ƙwan yakan daɗe bai mutu ba.

Dalilan dawowar tsutsa guda biyar ne:

1. An ba da magani, an mayar da shi kan tsohuwar ƙasa.
2. An ba da magani sau ɗaya, ba a maimaita ba. Magani yana kashe tsutsa, amma ba ya kashe ƙwan da ke ƙasa, ƙananan da ba su gama girma ba ma wasu sukan tsira.
3. An yi wa kunkuru ɗaya magani, an bar abokin zamansa.
4. Maganin bai dace da abin da ke cikin ba, ko kuma ba a auna shi daidai ba.
5. Jikin kunkurun ya yi rauni saboda sanyi, ko ƙishirwa, ko mugun abinci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Alamomi

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Kunkuru kam fuskarsa ba ta ba da labari. Ba ya kuka, ba ya nishi, kuma ramarsa tana ɓoye cikin ƙoƙon bayansa. Saboda haka labarinsa sai a tambayi kashinsa da sikeli.

Kashin lafiyayyen kunkuru a dunƙule yake, launinsa kore mai duhu ko ruwan ƙasa, kuma ana ganin zaren ciyawa a ciki. Farin abin nan mai kama da kindirmo da yakan fitar, ba kashi ba ne kuma ba tsutsa ba ce, fitsarinsa ne. In ya fito da laushi, lafiya lau. In ya fito da tauri kamar tsakuwa ko garin alli, ruwa ya yi ƙaranci a jikinsa.

Alamun da za su sa a nemi likita su ne:

- zawo, ko kashi mai majina, ko jini, ko wari fiye da yadda aka saba;
- ganye ya fito yadda aka ci shi, bai narke ba;
- ganin tsutsa a kashi ko a ruwan wanka;
- ƙin cin abinci kwanaki a jere alhali ba sanyi ake yi ba;
- amai;
- idanu su faɗa, ko su ƙi buɗewa;
- yawan kwanciya, in ya tashi tafiya ya riƙa jan ciki a ƙasa;
- yana ci amma nauyinsa ba ya ƙaruwa.

Idan aka ga wani jan nama ya leƙo ta ƙarƙashin wutsiya ya ƙi komawa, wannan ba abin jira ba ne. A rufe shi da tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwa, a tafi asibiti a ranar.

Sikeli shi ne babban mashaidi. A nemi ƙaramin sikelin da ke auna giram, irin na masu yin kek. A auna ɗan kunkuru sau ɗaya a mako, rana ɗaya, lokaci ɗaya, a rubuta a littafi. Ƙaramin kunkuru mai lafiya nauyinsa hawa yake yi a hankali. In ya tsaya cik tsawon makonni, akwai magana. In ya rasa kashi 1 cikin 10 na nauyinsa, misali daga giram 60 ya koma 54, to abin ya yi nisa.

Gwajin kashi

Ƙwan tsutsa ido ba ya ganin sa, sai da madubin likita. Don haka rashin ganin tsutsa a kashi ba shaidar lafiya ba ce. Ga yadda ake ɗaukar kashin gwaji:

1. A sa kunkuru cikin ruwa mai ɗumi da safe. Sau da yawa wannan kan sa shi kashi. Wanda ya faɗi a busasshen wuri mai tsabta ya fi wanda ya narke a ruwa.
2. A ɗauki kamar girman ƙwayar gyaɗa da tsinke ko cokalin roba.
3. A sa a ƙaramar roba mai murfi ko leda mai tsabta, a ɗaure.
4. A rubuta kwanan wata da lokaci.
5. A kai a ranar. Kada a bar shi a rana, kada a sa shi a firiza. Masu iyon nan sukan mutu da wuri, saboda haka gwargwadon sabuntar kashi, gwargwadon ingancin gwaji.

Gwajin iri ɗaya ne da wanda ake yi wa kashin tumaki da awaki, don haka asibitin dabbobin da ke da madubin likita zai iya yin sa. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri. Akwai kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato. A Nijar akwai babban ɗakin gwaje-gwajen dabbobi a Yamai. In likitan garinku bai saba da kunkuru ba, ba laifi ba ne a roƙe shi ya tuntuɓi wanda ya saba.

Tsutsa ba kullum take zubar da ƙwai ba. Gwaji ɗaya zai iya fitowa babu komai alhali tana nan. In alamu suna nan, a sake kai wani kashin bayan 'yan kwanaki.

Magani da awonsa

Maganin da likitoci suka fi ba kunkuru don tsutsa shi ne fenbendazol, wanda ake sayarwa da sunan Panacur. Na masu iyo kuwa metronidazol ne, wanda kowa ya sani da Flagyl. Koksidiya ma da nata maganin daban. Likita ne zai zaɓa bayan gwaji, shi zai faɗi awo, shi zai faɗi ranar maimaitawa, wadda galibi takan zo bayan mako biyu.

Akwai magani ɗaya da kowane mai kunkuru ya kamata ya haddace sunansa: ibamektin, wanda makiyaya suka fi sani da Ivomec. Ga shanu da tumaki da awaki magani ne mai kyau, yana kashe tsutsa, yana maganin ƙazuwa. Ga kunkuru guba ne. Yana shanye masa gaɓoɓi, ya kasa ɗaga kai, ya kasa numfashi, ya mutu. Tun a 1983 likitocin dabbobi a Amurka suka buga rahoton haka. Hatsarin ya fi yawa a wurinmu, domin da wuya ka shiga gidan mai kiwo ko shagon maganin dabbobi ka rasa kwalbarsa, kuma mai shago zai iya miƙo maka shi da zuciya ɗaya. Kada a yi wa kunkuru allurarsa, kada a ba shi ta baki, kada a shafa masa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Maganin da ya dace ma, in awo ya kauce, cuta ne. Mu yi lissafi mu gani. A ce likita ya yanke miligiram 50 ga kowane kilo 1 na nauyi, ɗan kunkurun kuma nauyinsa giram 60 ne.

- Giram 60 daidai yake da kilo 0.06.
- 0.06 sau 50 ya ba da miligiram 3.
- In ruwan maganin yana da miligiram 100 a kowace mililita 1, rabonsa mililita 0.03 ke nan.

Ɗigo ɗaya na ruwa kusan mililita 0.05 ne. Ashe rabon wannan ɗan kunkuru bai kai ɗigo ɗaya ba. Ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar mililita 5, wato miligiram 500. Wanda ya ɗura masa cokali ɗaya ya ba shi rabonsa fiye da sau 160. Wannan misali ne don a ga ƙanƙantar abin, ba awon da za a ɗauka a yi aiki da shi ba. Shi ya sa likita ke tsinka maganin da ruwa, ya auna da ƙaramin sirinji. Shi ya sa kuma ɓantarar ƙwayar maganin tumaki a ce "ɗan kaɗan zan ba shi" ganganci ne. Fenbendazol in ya yi yawa yana rage fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojin jiki. In kuma ya yi kaɗan, ana ta maimaitawa, sai tsutsa ta saba da shi ya daina kama ta, kamar yadda ya faru da tsutsar tumaki da awaki a ƙasashe da dama.

Abu uku za a kiyaye lokacin magani. Kunkurun da ya bushe da ƙishirwa, a fara shayar da shi kafin magani. Kunkurun da ke cikin sanyi, a ɗumama shi, domin cikinsa ba ya motsi sai da ɗumi, matattun tsutsotsi kuma sai ciki ya motsa suke fita. Bayan mako 2 zuwa 4 da gama magani, a sake kai kashi gwaji. Ba a neman a ga babu ƙwai ko ɗaya na ƙananan fararen nan. Ana neman su ragu, kashi ya dunƙule, nauyi ya fara hawa. Yawan ɗura magani don a share ciki tas ya fi 'yan tsutsotsin illa.

Gyaran wuri

Nan ne aikin maigida yake, kuma nan ne ake cin nasara ko a faɗi.

Ranar da aka fara magani, a ɗauke kunkuru daga tsohon wurinsa. A sa shi a babban baho ko akwati mai faɗi, a shimfiɗa tsohuwar jarida ko kwali, a sa masa ɗan wurin ɓuya. Kullum a sauya takardar, in ya yi kashi kuma a sauya nan take. A nan zai zauna har a gama magani a sake gwaji, ana fito da shi shan hantsi a wuri mai tsabta.

Tsohon wurin kuwa, a kankare ƙasar sama, kamar zurfin yatsa, a kai ta nesa da gida. A bar wurin a buɗe rana ta dake shi makonni, sannan a zuba sabuwar ƙasa daga inda dabbobi ba sa zama. In da hali a sauya wurin gaba ɗaya, ko a yi wuri biyu a riƙa juyawa, kamar yadda manomi ke hutar da gona. Mu da muke ƙasar rana mun yi sa'a, domin zafi da bushewa sun fi yawancin magungunan feshi kashe ƙwan tsutsa. Kada a fesa fiya-fiya ko kalanzir ko maganin ƙwari a wurin. Ba za su kashe ƙwan ba, kunkurun za su kashe.

Daga nan sai al'adar kullum:

- a kwashe kashi safe da yamma;
- a zuba abinci a kan faranti ko faffaɗan tayil, ba a ƙasa ba;
- a kwashe ragowar abinci kafin dare;
- a wanke mazubin ruwa da na abinci da sabulu, a ƙona su da tafasasshen ruwa, a shanya a rana;
- a sauya ruwan sha kullum, da duk lokacin da ya yi kashi a ciki;
- a raba shi da kaji da agwagi da karnuka da kashinsu;
- a wanke ganye kafin a ba shi, kada kuma a yanko ciyawa daga bakin kwata ko inda aka yi feshi.

Ɗumi da ruwa da abinci

Kunkuru ba ya ɗumama jikinsa da kansa kamar akuya. Daga rana yake samun zafi. Yana son wurin shan hantsi da zafinsa ya kai awo 32 zuwa 35 a ma'aunin Selsiyos, da kuma inuwa da zai koma in ya ji ya isa. Da hunturu, dare a Kano ko Zinder yakan sauka ƙasa da awo 15. A daji yakan shige rami mai zurfi ya tsira, a gida kuwa ba shi da rami. Saboda haka a shigar da ƙarami ɗaki da dare. Da bazara kuma kada a bar shi a baho cikin rana babu inuwa, domin cikin ɗan lokaci zafi zai kashe shi.

Mutane da yawa suna cewa kunkuru ba ya shan ruwa. Yana sha. Ƙarami ma saurin bushewa gare shi, balle mai zawo. Kullum a sa shi cikin ruwa mai ɗumi, wanda bai wuce haɓarsa ba, minti 15 zuwa 20, ana tsaye a kansa. In ya yi kashi a ciki a zubar a sake wani. Ruwan a zubar da shi a masai, ba a tsakar gida ba.

Abincinsa na asali ciyawa ce. Kiri-kiri da harƙiya da guɗe-guɗe da ɗanyar kyasuwa duk yana ci. Ga ƙarami sai a yayyanka. A haɗa masa da ɗan ganyen rama ko zogale. Tuwo da shinkafa da burodi da nama ba abincinsa ba ne. Mangwaro da ayaba da kankana yana son su ƙwarai, amma zaƙinsu yana tsinka masa ciki, ya ba masu iyon nan damar yawaita. Kunkurun da ke fama da zawo, a ɗauke masa kayan zaƙi gaba ɗaya. Don ƙarfin ƙashi da ƙoƙon baya, a dafa ɓawon ƙwai, a shanya, a daka shi lukui, a barbaɗa kaɗan a kan ganye sau biyu a mako. Hantsi kuma shi ke sa jiki ya amfana da shi.

Sabon kunkuru

In an kawo wani kunkurun, kada a haɗa shi da na gida sai ya yi aƙalla wata 3 a keɓe, da nasa mazubi, an kuma gwada kashinsa. A duba hammatarsa da cinyoyinsa ko akwai kaska. Kaskar kunkuru ba abin rainawa ba ce: a shekarar 2000 Amurka ta hana shigar da irin wannan kunkuru namu ƙasarta saboda kaskar da ke iya ɗaukar cutar da ke kashe shanu da tumaki. Kada kuma a haɗa ƙarami da babba, domin babban yana iya ɗauke da abin da bai dame shi ba, amma ya kashe ƙaramin.

A sani kuma, wannan kunkuru yana ƙarewa a daji, saboda kamu da kuma cinyewar makiyayarsa. Hukumar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, kuma tun 2000 yarjejeniyar cinikin namun daji ta duniya, CITES, ta hana fitar da wanda aka kamo daga daji zuwa ƙetare don kasuwanci. Wanda bai da shi, kada ya sa a kamo masa. Wanda ya gaji da nasa, kada ya jefar da shi a daji yana ɗauke da cuta; ya nemi gidan zu ko ma'aikatar gandun daji.

Lafiyar mutanen gida

Ƙananan tsutsotsin kunkuru ba sa zama a cikin mutum. Abin tsoro shi ne ƙwayar cutar salmonela, wadda lafiyayyen kunkuru ma yakan ɗauka a hanjinsa, tana kuma sa mutum zawo da amai da zazzaɓi. Saboda ita ne a 1975 Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru da kififfiya da tsawonsu bai kai inci 4 ba, domin yara sukan sa su a baki. Duk wanda ya taɓa kunkuru ko kayansa ya wanke hannu da sabulu. Kada a wanke mazubinsa tare da kwanukan abinci. Yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kada a bar shi yana wasa da shi, kuma kada a bar kunkuru yana yawo inda jariri ke rarrafe.

Sababbin kalmomi

- *Madubin likita:* na'urar da ke ƙara girman abin da ido ba ya gani.
- *Miligiram:* kashi 1 cikin 1000 na giram.
- *Mililita:* kashi 1 cikin 1000 na lita.
- *Koksidiya:* ƙwayoyin cuta da ke lalata bangon hanji.
- *Keɓewa:* raba sabuwar dabba ko marar lafiya da sauran na wani lokaci.

Tambayoyi

1. Me likita yake nufi da cewa magani ya wanke ciki amma bai wanke lungu ba?
2. Me ya sa tsutsa ta fi yawa a kunkurun gida fiye da na daji?
3. Kawo alamomi huɗu da za su sa ka kai ɗan kunkuru asibiti.
4. Wane magani ne guba ga kunkuru, kuma da wane suna makiyaya suka san shi?
5. Ɗan kunkuru yana da nauyin giram 120. In awo miligiram 50 ne ga kilo 1, miligiram nawa ne rabonsa?
6. Nauyin ɗan kunkuru ya sauka daga giram 90 zuwa 80. Ya kai a nemi likita? Nuna lissafinka.

Aikin yi

Ka ja layi huɗu a littafinka, ka rubuta a samansu: kwanan wata, nauyi, abin da ya ci, yadda kashi yake. In kana da kunkuru, ka cika su tsawon mako huɗu ka kawo aji. In ba ka da shi, ka ziyarci maƙwabcin da ke da shi, ka duba inda yake kwana da inda ake zuba masa abinci, ka rubuta abu uku da ya kamata a gyara. Ka tattauna da 'yan ajinku ko waɗannan ƙa'idoji za su yi amfani a akurkin kaji da turken awaki.

Mai karatu, wannan ɗan abin da ke tafin hannunka yana iya wuce shekara 50 a duniya, har jikokinka su gaje shi, in ya tsallake shekarunsa na farko. Kafin ka sake sayen magani, ka kai kashinsa gwaji, ka kankare ƙasar wurinsa, ka ɗaga abincinsa daga ƙasa.